Kafin ka ce "na sallama": kuɗaɗen da ke fita daga hannun mai sayar da gida

Gidan haya na sayar a Kano a kan naira miliyan 40. Da aka gama komai, abin da ya tsaya a hannuna miliyan 33 da dubu 400 ne. Ba wanda ya cuce ni, ko kwabo ba a sace ba. Miliyan 6 da dubu 600 ɗin nan, kusan naira ɗaya cikin kowace shida ke nan, sun fita ne ta ƙofofin da duk mai sayar da gida zai tarar a gabansa, ko ya sani ko bai sani ba. La'adar dillalai ta ɗauki miliyan 2. Lauya da mai ƙiyasta darajar gida da kuɗin binciken fayil sun ɗauki miliyan 1. Bashin kuɗin ƙasa, wato wanda ake biyan gwamnati duk shekara a kan fili, da na wuta da na ruwa dubu 450. Ragowar kuɗin haya da na mayar wa mutanen da ke ciki dubu 350. Fenti da ɗan gyaran rufi dubu 300, goron shaidu dubu 100. Harajin riba kuma miliyan 2 da dubu 400. Na zagaye alƙaluman don lissafi ya yi sauƙi.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne yadda nake ganin mutane na raba kuɗin gida tun kafin ya shigo. An riga an yi alkawarin fili a wata unguwa, an sa ranar auren yarinya, an ware na kujerar Makka, duk a kan farashin da dillali ya faɗa. Ranar biya sai a ga giɓi, daga nan sai a fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Maganinsa takarda ɗaya ce da alƙalami: ka rubuta kowane kuɗi da zai fita, ka rubuta sunan wanda zai biya a gefensa, ku sa hannu kai da mai saye, sannan ka sallama. Bayan sallama bakinka ya mutu, duk abin da ba a ambata ba ya zama abin jayayya.

La'ada ce kowa ya fi sani, ita ce kuma aka fi yin rigima a kanta. A cinikin dillalan unguwa al'ada da yarjejeniya ke aiki. Ni kashi 5 cikin 100 muka yi, mai saye ma ya ba da nasa daban. Wanda ya taɓa zama a wurin ciniki ya san yadda abin yake: dillali ya riƙe hannunka ya ƙi saki, yana cewa "Alhaji, a sallama, alheri ne ya zo," kai kana cewa "albarka," shi yana leƙen fuskar mai saye yana neman ƙari. A cikin wannan zafi ba mai tuna tambayar ko su nawa ne za su ci la'adar. Gida ɗaya yakan bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ya kai ga mai saye, wannan ya gaya wa wancan, wancan ya tura hoto a WhatsApp, kuma ranar biya duk za su bayyana a ƙofar gidanka. Saboda haka mutum ɗaya za ka sani a matsayin dillalinka, a rubuta sunansa da kason da zai karɓa, a rubuta cewa shi zai sallami duk wanda ya shigo ta hannunsa. A kuma rubuta cewa la'ada ba ta wajaba sai kuɗin gida ya shigo duka. Kafin alƙalami ba ciniki ba ne cikakke, idan ka ba da la'ada a kansa mai saye ya fasa, ba za ka sake ganin kuɗinka ba.

Akwai salon da ba na so, wanda mai gida ke cewa "ni dai a kawo mini miliyan 38, abin da ya hau naku ne." Yana kama da sauƙi, amma kai ba ka san nawa aka sayar da gidanka ba, kuma adadin da zai shiga takarda yana iya fin abin da ka karɓa, alhali da sunanka za a lissafa haraji. Idan kamfani ne mai rajistar karɓar harajin VAT ya yi maka dillancin, ka tuna zai ɗora kashi 7.5 cikin 100 a kan ladan aikinsa, haka shi ma ofishin lauya. Shi kansa gidan da filin ba a ɗora musu wannan haraji, don haka kada wani ya lissafa maka shi a kan miliyan 40.

Sai maganar takardu, wadda a nan ne mutane da yawa ba su san matsayinsu ba. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99 idan fili na gidan zama ne, kuma takardar shaidar mallaka da kowa ke kira C of O ita ke tabbatar da shi. Sashe na 22 na dokar ya hana mai wannan haƙƙi ya miƙa shi ga wani, ko ya jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba bai inganta ba. Kotun Ƙoli ta yi aiki da wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ta rushe. A doka, mai sayarwa ne ke neman amincewar, tunda sunansa ne a fayil. A aikace mai saye ne ya fi bin sawunta, shi ke biyan kuɗin amincewa da na kan sarki da na rajista, domin shi ke buƙatar sunansa ya hau. Wannan saɓani tsakanin doka da al'ada shi ke haifar da "ai na ɗauka kai za ka biya." Kowace jiha da nata jadawalin kuɗi, kuma ana sauya shi. Jihar Legas ta rage jimillar nata zuwa kashi 3 cikin 100 a 2015, amma wannan ba hujja ba ce a Kano ko Kaduna. Ka je da kanka hukumar da ke riƙe da fayilolin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka karɓi jadawalin da ke aiki a ranar, kada ka dogara da abin da maƙwabcinka ya biya shekara uku da suka wuce.

Tunda ka je, ka nemi a buga maka bashin kuɗin ƙasa da ke kan fayil ɗinka. Wannan kuɗi ne na shekara shekara da ke kan duk mai takardar gwamnati, kuma da yawanmu tun ranar da muka karɓi takarda ba mu sake waiwayarsa ba. Naka ne, ba na mai saye ba, har zuwa ranar ciniki, kuma fayil ba ya motsi sai an biya. Ba ƙaramin abu ba ne: a watan Maris na 2025 hukumar birnin tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a Abuja saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya ba. Ka biya kafin ka sa gida a kasuwa. Lauyan mai saye zai yi bincike, idan shi ya gano bashin, ba adadin bashin kaɗai zai nemi a rage ba, zai yi amfani da shi ya karya farashin gaba ɗaya. Za a kuma nemi takardar shaidar biyan harajinka ta shekara uku. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani da ake cirewa daga albashi ba ya shan wahala a nan, ɗan kasuwar da bai taɓa zuwa ofishin haraji ba kuwa za a ƙiyasta masa, sai ya biya kafin a ba shi. Shi ma wannan kuɗi ne da ciniki ya jawo, a sa shi a lissafi.

Gidan awon igiya, wanda ba shi da takardar gwamnati, hanyarsa daban ce. Takardar ciniki ce da sa hannun shaidu da mai unguwa da dagaci, wani lokaci har hakimi, kowanne da abin da aka saba ba shi. Kuɗin da ke fita a nan bai kai na wancan ba, amma farashin gidan ma bai kai ba, domin mai saye yana cire abin da zai kashe wajen neman takarda daga tayinsa. Ka tara duk takardun cinikin baya, daga wanda ya yanka filin har zuwa kanka. Idan ɗaya ta ɓata a tsakiya, da kuɗi za ka cike gurbinta.

Yanzu ga haraji, inda ya kamata a zauna sosai. Ba a kan kuɗin gida ake biyansa ba, a kan riba ne. Ga yadda nawa ya kasance. Na sayi gidan a 2015 a kan miliyan 9. La'ada da lauya da rajista na wancan lokacin sun ci dubu 700. Daga baya na zagaye shi da katanga, na haƙa rijiyar burtsatse, na ƙara ɗaki biyu, duka miliyan 3 da dubu 300. Kuɗin sayarwa, wato la'ada da lauya da ƙiyasi, miliyan 3. Idan aka haɗa ya zama miliyan 16, a cire daga 40, riba miliyan 24. Cinikina ya faɗo a ƙarƙashin tsohuwar dokar harajin ribar kadara, wadda ke karɓar kashi 10 cikin 100 kai tsaye, shi ya sa na biya miliyan 2 da dubu 400.

Ka lura da abin da bai shiga cikin miliyan 16 ɗin ba. Fenti, toshe yoyo, canza famfo, biyan bashin wuta, duk ba a cire su, domin kula da gida ne na yau da kullum. Abin da ake cirewa shi ne wanda ya ƙara wa gidan daraja kuma yana nan tsaye ranar da aka sayar, da kuɗin da ka kashe wajen kare mallakarka idan an taɓa yin shari'a a kai, da kuɗaɗen saye da sayarwa. Ba a kuma la'akari da faɗuwar darajar naira. Miliyan 9 ta 2015 ba ita ce miliyan 9 ta yau ba, kowa ya san haka, amma a takardar haraji ɗaya suke. Wani kaso na abin da ake kira riba a tsohon gida ba riba ba ce ta gaskiya, tsadar rayuwa ce, kuma a ganina wannan gurbi ne da ya kamata masu doka su duba. Kafin su duba, haka lissafin yake.

Daga 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta 2025 ta fara aiki, ta kuma sauya wannan lissafi. An daina kashi 10 ɗin nan ga ɗaiɗaikun mutane. Ribar kadara yanzu tana shiga cikin kuɗin shigar mutum na shekara, a bi ta da matakan harajin kuɗin shiga: dubu 800 na farko babu haraji, miliyan 2 da dubu 200 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. A ɗora ribata ta miliyan 24 a kan wannan, a ɗauka ba ni da wani kuɗin shiga a shekarar: dubu 330 a mataki na biyu, miliyan 1 da dubu 620 a na uku, ragowar miliyan 12 a kashi 21 su ba da miliyan 2 da dubu 520. Jimilla miliyan 4 da dubu 470. Ya kusa ninka abin da na biya. Mai albashi ko mai kasuwanci nasa zai fi haka, domin kuɗin shigarsa ya riga ya cinye ƙananan matakan, ribar gidan a saman su za ta hau.

A nan ne rasit ke zama kuɗi. A ce ba ni da shaidar dubu 700 na saye da miliyan 3 da dubu 300 na gini, ribar da za a lissafa mini miliyan 28 ce, harajinta a sabon tsari miliyan 5 da dubu 370. Bambancin dubu 900 ke nan, saboda takardun siminti da rodi da na mai haƙa rijiya da ba a adana ba. Magina da leburori ba sa ba da rasit, gaskiya ne. Amma mai shagon kayan gini yana bayarwa idan an nema, kuɗin da ka tura ta banki yana nan a bayanan asusunka, ɗan kwangila kuma zai iya rubuta maka yarjejeniya ta shafi ɗaya. Duk mai gidan da yake tunanin wata rana zai sayar, ya tanadi jaka guda don wannan tun yau.

Gidan da mutum yake zaune a ciki da iyalinsa hukuncinsa daban. Doka ta yafe harajin ribarsa, tare da filin da ke manne da shi har zuwa eka ɗaya, matuƙar ba na kasuwanci ba ne. Eka ɗaya ta fi fuloti takwas masu ƙafa 50 da 100, don haka kusan duk gidan zama na cikin gari ya shiga. Sai dai sabuwar dokar ta ce sau ɗaya mutum zai ci wannan rangwame a rayuwarsa. Wanda yake da niyyar sayar da ƙaramin gida yanzu ya koma babba, wata rana kuma ya sayar da babban, ya zauna da masanin haraji kafin ya yanke shawarar inda zai yi amfani da damarsa. Gidan haya, shago, da fili da aka saya aka ajiye ba su cikin wannan yafiya.

Mutum ɗaiɗai hukumar haraji ta jihar da yake zaune yake biya, kamfani kuma hukumar tarayya. A jihohi da dama ana ƙiyasta wannan haraji ne lokacin neman amincewar gwamna, a haɗa shi cikin takardar biya ɗaya da sauran kuɗaɗe, mai saye ya biya duka ba tare da ya bambance ba. Ko da hakan kuka yi, nauyin a doka naka ne. Ka karɓi kwafin rasit ɗin, ka tabbatar sunanka da lambar harajinka ne a jiki.

Za a ba ka shawarar a rubuta ƙaramin farashi a takarda, a ce miliyan 15 maimakon 40, don kowa ya huta. Ban yarda da ita ba, ba na kuma ba kowa ita. Ƙarya ce a takardar da aka sa hannu gaban shaidu, laifi ne kuma a doka. Hukuma tana da masu ƙiyasinta, ba dole ta karɓi adadinku ba. Idan ciniki ya lalace aka je kotu, abin da ke rubuce shi alƙali zai gani. Shi ma mai sayen ya yi wa kansa illa, domin ranar da zai sayar, miliyan 15 za a ɗauka a matsayin kuɗin sayensa, ribarsa ta kumbura.

Lauya naka daban, na mai saye daban. A bisa tsarin aiki, lauyan mai sayarwa ke tsara yarjejeniyar ciniki, na mai saye ya tsara takardar miƙa mallaka, kowanne ya duba aikin ɗan'uwansa. Ku yi maganar ladansa a rubuce tun farko. Idan gidan yana jingine a banki, sai ka nemi takardar da ke nuna ragowar bashi har zuwa ranar da za a biya, a biya bankin kai tsaye daga kuɗin ciniki, a karɓo asalin takardar mallaka da takardar sakin jingina, ita ma a yi mata rajista. Wannan rajista da kuɗinta a kanka suke.

'Yan haya su ma lissafi ne. Mai biyan shekara shekara haƙƙinsa sanarwar wata shida, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban, bayan ta ƙare kuma akwai ta kwana bakwai kafin a je kotu. Mai saye da ke son gida babu kowa ba zai jira wannan ba, don haka ko dai ka fara tun da wuri, ko ka mayar musu da ragowar kuɗinsu har da ɗan abin neman wani wuri. Mutanen da suka zauna da kai lafiya shekara da shekaru sun cancanci su ji daga bakinka kafin su ga dillali yana zagaya tsakar gida da baƙi. Mitar wuta a ɗauki hotonta ranar miƙa makulli, a biya abin da ke kai, a rubuta wa kamfanin wuta a sauya suna.

Wajen karɓar kuɗi, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da miliyan 5, kamfani fiye da miliyan 10, sai ta banki. Kada ka yarda da buhu. Kada kuma ka yarda da saƙon waya kawai, ka duba asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin asalin takarda ta bar hannunka. Kuɗin su fito daga asusun wanda sunansa ke cikin yarjejeniya, in wani ne zai biya masa a rubuta hakan.

Gidan gado yana da ƙarin ɗawainiya. Sai an sami takardar kotu da ta nuna magada da rabon kowa, kowane baligi ya sa hannu, mata da maza, na nesa ya aiko da wakilci a rubuce, rabon marayu kuma ya bi ta hannun wanda kotu ta amince da shi. Duk kuɗaɗen da na lissafa a sama daga kan jimilla ake cire su kafin a raba, a karanta wa kowa lissafin a zaune. Idan ɗaya daga cikin magada ne ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya, wato su karɓi kason a kan farashin da baƙo ya saya. Ciniki da yawa ya warware a kan wannan bayan an ci la'ada. Zakka kuwa, gidan da ba don kasuwanci aka saye shi ba, kuɗinsa sai sun shekara a hannunka sun kuma kai nisabi sannan a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Wanda ya saya da niyyar sayarwa yana jiran kasuwa ta yi kyau, shi yana fitar da ta shekara ɗaya da zarar ya karɓi kuɗin. A tambayi malami a kan halin da mutum yake ciki.

Abu na ƙarshe da ya rage a wuyan mai sayarwa shi ne sunansa da ke cikin fayil. Masu saye da yawa, don gudun kuɗin amincewa da rajista, takardar wakilci kawai suke karɓa su ajiye, musamman waɗanda suka saya don su sake sayarwa. Takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ce kawai na yin abu a madadin wani. Muddin ba a sauya suna ba, kuɗin ƙasa da sunanka yake taruwa, sammaci kai zai nema, bayan gidan ya bi hannu uku kuma wani da ba ka taɓa gani ba zai zo yana roƙon sa hannunka, ko na 'ya'yanka in ba ka raye. Ni na sa a cikin yarjejeniya cewa mai saye zai shigar da takardar neman amincewa cikin wata uku, ni kuma zan ba da hotuna da shaidar haraji da sa hannu duk lokacin da aka buƙata. Na kuma riƙe kwafin kowace takarda da na miƙa, da jerin sunayensu a shafi ɗaya wanda mai saye ya sa hannu cewa ya karɓa.